Idan Injin Tarakta Ya Ƙwace

'Yan'uwa manoma, bazara ta kama, ƙungiyoyi da yawa suna shirin fito da tarakta daga rumfa. Wata tun kaka take tsaye, da aka gama jigilar dawa da masara. Wata kuwa shekara biyu ko uku ke nan ba a taɓa ta ba, domin an rasa kuɗin taya ko na batir, sai yanzu aka harhaɗa. To, akwai wani haɗari da ke tattare da ta da injin gas, watau dizal, wanda ya daɗe a ajiye. Direbobi da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba sai ranar da ya same su. Shi ne inji ya ƙwace.

Ga yadda abin yake zuwa. An murɗa makulli, inji ya yi tari sau biyu ya kama. Maimakon ya zauna ya yi ta bugawa a hankali, sai ƙararsa ta dinga hawa. Direba ya mai da totur baya, inji bai ji ba. Ya kashe makulli har ya zare shi, ƙara sai ƙaruwa take yi. Hayaƙi ya turnuƙe rumfa, tarakta tana rawa. In ba a tsai da shi ba, ƙarshensa ɗaya ne daga cikin biyu: ko ya ƙone baƙin mansa ya daskare, ko kuwa wani ƙarfe ya tsinke a ciki ya fasa bulok ya fito waje. Wani lokaci fanka ce take tarwatsewa. Ko wanne ya faru, ƙungiya ta rasa noman shekarar, wanda ke tsaye kusa kuma yana iya rasa ido ko hannu ko ransa.

Dalilin da makulli ba ya kashe shi

Yawancinmu da babur muka saba, shi ya sa muke tsammani kowane inji makulli ne ke kashe shi. Injin fetur yana da fulogi. Fulogi ne ke ba da tartsatsin da ke kunna mai, in ka kashe makulli ka yanke masa wuta, inji ya mutu. Injin gas ba shi da fulogi irin wannan. Tun da Rudolf Diesel, Bajamushen da aka sa wa injin sunansa, ya ga injinsa ya yi aiki sosai a 1897, dabarar ɗaya ce har yau. Fistin yana matse iska zalla a cikin silinda, ya mai da ita wajen kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, har zafinta ya wuce digiri 500. Sa'an nan a fesa mata gas, ya kama da kansa. A tsofaffin taraktoci makulli ba shi da wani aiki sai juya sitata da kunna fitilu. Da zarar inji ya tashi, ko ka cire batir ka kai gida zai ci gaba da aiki. Shi ya sa aka yi musu ɗan maɓallin nan da ake ja a kashe su, wanda ke rufe hanyar mai a cikin famfon injekta.

Abu na biyu shi ne, a yawancin injunan gas ba a tsuke wa iska hanya. Kullum ƙofarta a buɗe take, inji ya sha iya shansa. Yawan man da aka ba shi kaɗai ke tsara gudunsa. Mai yin wannan rabo shi ne abin da makanikai ke ce wa gwamna, yana cikin famfon injekta ko a jikinsa. Wasu ƙananan ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa tare da inji. In gudu ya yi yawa sai su buɗe su rage mai, in garma ta kama ƙasa mai tauri gudu ya ragu sai su rufe su ƙara. Totur da direba ke turawa ba mai yake bayarwa kai tsaye ba, sifirin ɗin gwamna yake ja, watau yana gaya masa gudun da ake so ne kawai. Gwamna dai shi ne linzami. In linzami ya tsinke, ko kuwa inji ya sami abin ƙonawa ta wata hanyar da gwamna bai san da ita ba, babu abin da zai tsai da shi. Gudu yana ƙara jawo mai, mai yana ƙara gudu.

Massey Ferguson 135, wadda aka fara yi a 1964, har yanzu tana nan a gonakinmu da injinta na Perkins mai silinda 3. An yi injin nan ya yi wajen juyi 2,250 a minti ɗaya, iyakarsa ke nan. A lura, in gudu ya ninka sau biyu, nauyin da ke fizgar fistin da sandarsa ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. Ƙarfen da ya yi shekara 50 yana aiki ba zai jure wannan da daɗewa ba.

Abin da zaman banza ke yi wa famfon injekta

A cikin tarakta duka babu wurin da aka yi wa aiki mai laushi kamar famfon injekta. Ratar da ke tsakanin wasu ƙarafansa ba ta kai kashi ɗaya cikin 20 na kaurin gashin kai ba. Gas ɗin da ya kwana a ciki wata da watanni yakan bushe ya bar wani danƙo ja-ja mai kama da ƙaro. Tankin da aka bari rabi yakan yi zufa a ciki da sanyin dare, ruwan ya kwanta a ƙasa, ya bi bututu ya kai famfo, ya sa tsatsa. A inda ruwa da gas suka haɗu kuma wasu ƙwayoyin halitta sukan hayayyafa su zama baƙin yauƙi. Ƙara da gas ɗin bakin hanya da ake gauraya da kananzir, wanda ba shi da santsi. Kaɗan daga cikin waɗannan ya isa ya liƙe ƙarfen da ya kamata ya motsa da taɓawar yatsa.

Famfo iri biyu muka fi gani. Na farko shi ne dogo, wanda bututun nozul suka fito a jere a samansa. A cikinsa akwai wata sanda mai haƙora, makanikai suna ce mata rak, ita ce ke murɗa dukan 'yan fistin na famfon gaba ɗaya don a ƙara mai ko a rage. Ga inda matsalar take. Sa'ad da inji ya tsaya aka mai da maɓallin kashewa, sifirin yakan tura rak wajen mai da yawa, domin inji ya yi saurin tashi gobe. To, in goben ta zama shekara biyu, ɗan fistin guda ya liƙe, ya riƙe rak a nan, ranar da aka ta da inji zai tashi da cikakken mai. Gwamna zai yi ta ja, rak ba za ta motsa ba. Ka ja maɓallin kashewa, shi ma rak ɗin yake ja, don haka ba zai yi kome ba.

Na biyu shi ne kewayayye, wanda bututun suka fito daga bayansa a zagaye. Wanda muka fi sani shi ne CAV DPA, na kan Massey Ferguson 135 da 165. Shi ba shi da rak. Wani ɗan bawul ne siriri, bai kai kaurin fensir ba, yake auna man da zai shiga. Gas ɗin da ke cikin famfon shi ne man shafawarsa, saboda haka mugun gas yakan taɓa shi da wuri. Sau da yawa bawul ɗin a rufe yake liƙewa, tarakta ta ƙi tashi, wannan da sauƙi. In a buɗe ya liƙe, inji ya ƙwace.

Akwai kuma abin da hannun mutum ke jawowa a irin wannan famfo, mun ga ya kamata mu faɗa ko da zai ɓata wa wani rai. Murfinsa na sama yakan yi yoyo in robarsa ta tsufa, sai a kira wani ya buɗe a gindin bishiya. A ƙarƙashin murfin akwai sifirin ɗin gwamna, kowane gefe da ramuka 3 da za a iya maƙala shi, lambar da ke jikin famfon ce ke nuna ramin da ya dace. Akwai kuma ɗan haƙorin maɓallin kashewa da ya wajaba ya faɗa cikin gurbinsa sa'ad da ake mai da murfi. Wanda bai san wannan ba zai rufe ya ɗaure noti da kyau, yoyo ya tsaya, kowa ya yaba masa. Sai an ta da inji a ga ba ya kasuwa.

Masu tsofaffi ƙwarai, irin Fordson Major na shekarun 1950, su sani gwamnansu dabam ne. Da zuƙar iska yake aiki. Akwai wata fata a bayan famfo, da siririn bututu da ya haɗa ta da maƙogwaron inji. In fatar ta bushe ta tsage, ko bututun ya kwance, sifirin zai tura rak zuwa cikakken mai, babu mai dawo da ita. Fatar da ta sha hunturu uku ba a shafa mata mai ba abin tuhuma ce.

Sa'ad da inji ke shan baƙin mansa

Wannan ya fi na farko tsoro, gama ko ka rufe gas gaba ɗaya ba zai mutu ba. Injin gas ba ya zaɓen abinci. In baƙin mai ya shiga silinda tare da iska, zai ƙone shi kamar yadda yake ƙona gas.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta matatar iska. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da matata mai kofin baƙin mai a ƙasanta, wanda ke kama ƙura. A jikin kofin akwai layi, iyakar man ke nan. Wani direba yakan cika shi fal don yana ganin gata ne yake yi wa inji. Ko kuwa ruwan sama ya shiga ta sama a damina, ya kwanta a ƙarƙashin man ya ɗaga shi. Ko a wanke ragar ƙarfen da ke ciki da fetur ko kananzir, a mai da ita tana ɗiga. Da inji ya fara zuƙa sai ya kwashi abin da ya haura.

Hanya ta biyu daga kaskon baƙin mai take, a ƙasan inji. Mu riƙe wannan: baƙin mai ba ya haihuwa. In ka zaro geji ka ga mai ya wuce layin sama, alhali ba wanda ya ƙara, to wani abu ne ya shiga. In ruwa ne, man zai yi fari kamar kunu. In gas ne, zai yi tsinke-tsinke, ba danƙo a yatsa, za ka kuma ji warinsa. Gas yakan sulale ne ta ɗan famfon da ke ɗaga mai daga tanki, in tantaninsa ya huje, ko ta robar gaban famfon injekta. A taraktocin da tankinsu ke saman inji, in an bar famfon tanki a buɗe, ɗigo ɗaya-ɗaya na wata shida ya isa ya cika kasko. Irin wannan mai da ya yi yawa kuma ya tsinke, ƙarafan da ke juyawa za su yi ta dukansa har ya zama kumfa da hazo, ya haura ta gefen fistin, balle in ringi sun liƙe saboda zama. A injunan da aka mai da bututun numfashin kasko cikin hanyar iska, hazon nan kai tsaye yake tafiya silinda. Masu taraktoci masu turbo suna da ƙarin ƙofa, gama in turbo ya lalace yakan tura baƙin mai cikin iska da ƙarfi.

Kada mu manta da man da mu da kanmu muke zubawa. In fistin ya daskare, an saba cire nozul a zuba gas ko baƙin mai a ramin, a bar shi kwanaki ya jiƙa. Dabara ce mai kyau. Amma kafin a mai da nozul, sai a juya injin sau da yawa man ya fita. Tsumman fetur da ake karawa a bakin iska don inji ya yi saurin kamawa, wannan kam a bar shi. Haka nan kada a ta da tarakta a cikin sito inda aka ajiye jarkokin fetur ko tukunyar gas ɗin girki. Inji yana iya shaƙar tururinsu ya ƙwace. A 2005, a matatar mai ta Texas City a Amurka, wata ƙaramar motar gas da aka bari tana aiki ta shaƙi tururin mai da ya zube, aka ji injinta ya hau. Masu bincike sun ce ita ce mafi kusa da zama sanadin kama wutar da ta kashe mutum 15.

Kafin a taɓa makulli

Duk aikin a nan yake, kuma ba ya cin fiye da safiya ɗaya. A turo tarakta waje, fili a gabanta, ba bango ba rijiya. A kwance garma ko tirela. A sa giya a firi, a cire sandar da ke juya kayan aiki a baya, a sa duwatsu a gaba da bayan manyan tayoyi. Ƙungiyoyi da yawa a harabar majami'a suke ajiye tarakta, saboda haka a zaɓi ranar da ba taro, kada a yi wannan aiki sa'ad da aka taso daga sujada yara sun kewaye. Mutum uku sun isa.

A duba geji a shinshina. Mu dai shawararmu, injin da ya yi shekara a tsaye a juye masa mai kawai, kada a tsaya gardama. A zubar da tsohon gas, a wanke tanki da ɗan kofin gilashi da ke tara ruwa, a sake filta. A buɗe matatar iska, a wanke kofin, a zuba sabon mai daidai layi. A leƙa bututun iska da tocila. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a nan, ɓera kuma yakan kai ƙaiƙayi da tsumma. In an ga baƙin mai kwance a ciki, a goge, a kuma nemi inda ya fito. A motsa totur na hannu da na ƙafa, a bi sandunansu da ido har famfo, a ga suna zuwa suna dawowa, sifirin bai tsinke ba. A ja maɓallin kashewa a tabbata hannun da ke jikin famfon yana kaiwa ƙarshe, gama wayar takan yi tsatsa, ka ja a sama ba abin da ya motsa a ƙasa.

In dogon famfo ne, yawanci yana da ɗan murfi a gefe. A wanke wajen tas tukuna, sa'an nan makanike ya buɗe ya tura rak da yatsa. Ya kamata ta tafi sumul ta dawo da kanta. In ta yi tauri, ko tana tsayawa a hanya, magana ta ƙare, ba za a ta da injin nan yau ba. Wasu dogayen famfuna suna da nasu baƙin mai dabam da na inji, a duba shi ma.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya dace da kowane irin famfo. Bayan an fitar da iska daga hanyar mai, a sassauta notin bututu a wajen nozul duka, domin inji ya kasa tashi. A mai da maɓallin kashewa ciki, a juya sitata, za a ga gas yana tsartuwa. Sa'an nan a ja maɓallin, a sake juyawa. In tsartuwar ta tsaya, famfo yana jin magana. In ta ci gaba, famfon nan sai wurin masu gyara. Amma fa a yi nesa da hannu. Ƙarfin da gas ke fita da shi a nozul ya fi na iskar tayar mota sau 70, yana huda fata ya shiga nama. Wanda wannan ya sama, ko da ramin bai fi na allura ba, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gobe.

Sai katako. A nemo falanki mai kauri, sumul, wanda faɗinsa ya fi bakin iska sosai, a manna masa guntun tsohon tub na taya a fuska ɗaya. A cire tiyon da ya haɗa matatar iska da inji, domin bakin ƙarfen ya fito fili, a gwada katakon a kai a ga ya zauna ba rata. Masu gwamna mai fata su cire tiyon kaɗai, kada su taɓa maƙogwaron da ke da ɗan faifai a ciki, ko siraran bututunsa. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, tun da inji zai yi 'yan mintoci ba matata. Mutum ɗaya a kan kujera, hannunsa a maɓallin kashewa. Na biyu yana riƙe da katako kusa da bakin iska, ba babbar riga ba rawani mai jela. Na uku aikinsa korar 'yan kallo.

In ya ƙwace

A ja maɓallin kashewa a riƙe. In ƙara ba ta fara sauka ba nan da nan, mai katako ya kifa shi a bakin iska, ya danne, kada ya ɗaga sai inji ya tsaya cik. Mutane sukan ɗaga da sun ji ƙara ta ragu, inji kuwa ya ja numfashi ɗaya ya sake hawa. Wannan hanya tana aiki ko gas yake sha ko baƙin mai, gama babu abin da ke ƙonewa ba iska. Injin 135 ɗin nan, mai lita 2.5, in yana juyi 2,000 a minti yana neman iska wajen lita 2,500, watau fiye da duro 12 kowane minti. Ka hana shi wannan, ba shi da ta yi.

Yawan iskar nan kuma shi ne dalilin da ba a sa tafin hannu. Zuƙar tana iya fasa jijiyoyin jini ta yage fata. Ba a sa tsumma ko riga ko buhu, inji zai haɗiye su, su maƙale a bawul, iska kuma ta ci gaba da wucewa. Toshe hular da ke can saman matata ma ba ma so, domin tsohon tiyo yakan sha iska ta tsaga, ana kuma iya zuƙo man kofin a ƙara wa inji abinci. Ƙungiyar da ke da tukunyar kashe gobara mai iskar kabon, wadda aka rubuta CO2 a jikinta, tana iya fesa ta cikin bakin iska, tana kashe inji ba ɓarna. Ruwa kam kada a kuskura. Ruwa ba ya matsuwa, zai lanƙwasa sandar fistin ko ya fasa inji a gaban mai zubawa.

Rufe famfon tanki yana da kyau a yi, amma kada a dogara gare shi. Gas ɗin da ke cikin filta da famfo zai riƙe inji fiye da lokacin da muke da shi.

Wasu za su ce a sa babbar giya, a taka birki, a saki kuloci inji ya shaƙe. Gaskiya ne yana yi a ƙaramar tarakta mai lafiya. Amma muna maganar wadda ta daɗe a tsaye ne. Kulocinta yakan manne da tsatsa, giya ta ƙi shiga. Birkinta ba wanda ya san halinsa. In birki ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, za ta juya kan mutane, in kuma aka yi kuskure aka sa ƙaramar giya tana iya ɗaga gaba ta kife a kan direba. Mun bar wannan ga gogaggen direba wanda ya riga ya gwada birki, ya haɗa takalman birkin biyu da sakatarsu, gabansa kuma fili ne. Masu injin niƙa da na ban ruwa mai silinda ɗaya suna da sauƙi, ɗan hannun nan da ake dannawa sa'ad da ake wani, shi za a danna a riƙe tare da rufe mai.

In ba a shirya katako ba, maɓalli kuma ya ƙi, to kowa ya gudu. A yi nesa, kada a tsaya a gefen inji daidai fanka ko daidai kuloci, gama ta nan ƙarafa ke fita. Dattawan ƙungiya su gaya wa direba wannan tun da wuri, a gaban kowa, cewa ba za a ci shi tara ba don ya gudu. Yaro matashi da ke tsoron a ce ya kashe taraktar jama'a yakan tsaya inda bai kamata ba.

Bayan ya tsaya

Kada a sake ta da shi don a ga ko ya daina. Bai daina ba. A bar shi ya huce, a sa ido kan salansa, domin man da ya taru a ciki yana iya kamawa da wuta. Sa'an nan a zauna a tuna abin da aka gani. Baƙin hayaƙi ƙirin yana nuna gas ne ya yi yawa, sai a nufi famfo da gwamna. Hayaƙi mai kauri, fari-fari ko shuɗi-shuɗi, mai warin ƙonannen baƙin mai, yana nuna hanyar iska ko kasko. In maɓallin kashewa ya kashe shi, laifin yana wajen sandunan totur ko gwamna. Wani lokaci ma ba kome ba ne illa notin iyakar gudu, wanda masu famfo ke ɗaure wa waya da dalma, wani ya tsinke ya murɗa don tarakta ta ƙara sauri a kan titi. In maɓalli bai yi kome ba, hayaƙi kuma baƙi ne, rak ko bawul ne ya liƙe. A sa yatsa a bakin iska: in ya fito da baƙin mai, an kama ɓarawo. A duba geji, a duba kofin matata a ga ko man ya ragu.

Famfon da ake tuhuma a cire shi ɗungum, a toshe bakunansa da na bututu da leda mai tsabta, a kai wa masu aikin injekta da ke da na'urar gwaji, tare da nozul duka. Kafin a cire, makanike ya lura da alamar saiti da ke jikin famfo da jikin inji. Kuɗin zai yi wa ma'aji zafi, amma bai kama ƙafar kuɗin bulok da karanshaf ba.

Injin kansa ma sai an bincika. A juya shi da hannu zagaye biyu cikakku, a ji ko yana tokarewa. A buɗe murfin sama a duba sandunan da ke tura bawul, gama su ne sukan fara lanƙwashewa in gudu ya wuce kima, a sake saita ratar bawul. A duba fikafikan fanka ko sun tsage, da lagireto. A juye mai, a tace tsohon da farin ƙyalle a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli. In akwai, sai an sauke kasko. Ranar da za a sake tayarwa, katakon nan ya dawo hannun mutum na biyu. A sa ido kan fitilar baƙin mai ta mutu da wuri, a kasa kunne ko akwai ƙwanƙwasa daga ƙasa.

In aikin bana ya ƙare za a sake ajiye ta, a cika tanki don kada ya yi zufa, a sa masa kwaɗo, a rufe famfon tanki, a kifa gwangwanin madara a bakin salansa. Kwamiti ya sa mutum ɗaya da sunansa ya riƙa ta da ita bayan kowane mako biyu ko uku, ta yi aiki har inji ya yi zafi sosai, ya motsa totur sama da ƙasa, ya taka kuloci da birki, ya kashe ta da maɓalli, ya rubuta ranar a littafin ƙungiya. Katakon kuma a huda shi a ɗaura masa igiya, a rataye a bayan kujerar direba.